Yadda Fuskar Dakta Manniru Ta Shiga Littafi

Rekiya ta fara jin sunan Dakta Manniru ne daga bakin lasifika, a wajen wani bikin suna a Masaka, lokacin tana ƙaramar sakandare. Ana tsakiyar rabon shinkafa mai gabatarwa ya sa aka kashe kiɗa. Ya ce jama'a su natsu, ga Dakta Manniru Ɗanlami ya iso, Garkuwan Fata, Fitilar Mararaba, likitan da ke gane cuta daga tsallaken titi. Mata suka ajiye cokula. Wata tasi mai kore da fari ta tsaya a bakin rumfa, ƙofa ta buɗe, amma ba mutum ne ya fara fitowa ba. Lema ce. Sai da ta buɗe, ta daidaita, ta tare rana, sannan aka ga takalmi, aka ga ƙafa, daga baya sauran Dakta ya biyo.

Mahaifiyar Rekiya ta mintsine ta, ta ce ta buɗe ido ta kalla da kyau, ɗan yayarta Luba ne, kuma haka ake zama idan an yi karatu. An daɗe kafin Rekiya ta ji cewa shi da kansa ya tsara kirarin, ya aika wa mai gabatarwa tun ana gobe biki, har da nuna masa inda zai ja numfashi.

Maganar gaskiya, ƙasar nan ba ta taɓa yin likita irinsa ba, kuma shi ne ya fara lura da hakan. Wasu likitocin suna ɓata ƙuruciyarsu a kan zuciya da hanta da ƙoda, abubuwan da ba wanda ke gani. Dakta ya zaɓi fata, domin a cewarsa ita ce kaɗai gaɓar da ke fita bainar jama'a. Yana cikin horon nan na shekaru da likita ke yi a ƙarƙashin manya kafin a kira shi ƙwararre, a wani babban asibiti cikin Abuja. Horon bai ƙare ba tukuna, amma shi tuni ya ƙware, takarda ce kawai ta makara. Idan ka miƙa masa hannu ku gaisa, sai ya juya bayan hannun ya duba. Idan ka ce masa ina kwana, sai ya ce maka kana da ƙyasbi. An daina zama kusa da shi a sahun Juma'a tun ranar da ya jira aka sallame, ya gaya wa wani dattijo a gaban surukinsa cewa abin da ke ƙeyarsa makero ne.

Da Rekiya ta gama sakandare aka tura ta Mararaba ta zauna da Inna Luba, mahaifiyar Dakta, ta riƙa taimaka mata. Ta zo da akwatin kaya da kundin hotunan dangi wanda kakarsu ta bar mata, saboda a duk zuriyar ita ce ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, da wanda ya tafi Legas sayen kaya har yau ana jiransa. Ranar da ta iso Dakta ya karɓi kundin ya duba daga farko har ƙarshe. A wuri ɗaya tak ya ga kansa, yana ɗan yaro, ba wando, yana shan rake. Sannan ya sa aka mayar da hoton kakansu shafi na biyu, aka bar na farko fayau. Ya gaya wa Rekiya abin da yake so a yi da shafin, ita kuma ta riƙe maganar, don ba a ba ta amana ta zubar.

Abu ɗaya ya rage tsakanin Dakta da sarautar fata baki ɗaya: jarrabawar ƙarshe. Ya sha zana ta, manyan suna kasa fahimtarsa. A bana asibiti ya gaya masa a fili cewa wannan ce damarsa ta ƙarshe. In ya ci, ya zama babban likita, da ofis da gida a cikin gari. In ya faɗi, a ba wani gurbinsa, shi kuma ya koma ɗakin da ake ganin masu zazzaɓi da gudawa. Inna Luba ba ta san wata kalma wai faɗuwa ba. Ta riga ta sanar da duk layinsu cewa sun kusa tashi daga Mararaba, ta kuma ɗaure rago a tsakar gida tana kiwonsa domin walima. Rekiya ce ke ba shi dusa, saboda haka duk safiya sai ta tuna da jarrabawar. Kusan ita kaɗai ce ke tunawa.

Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, man fetur ya yi tsada a duniya, Abuja ta cika da ƙurar siminti da sababbin motoci. Gwamnati ta tuna da likitoci masu neman ƙwarewa, ta ba kowannensu alawus ɗin karatu, wai a sayi littattafai da kayan aiki, a shirya wa jarrabawa. Aka kuma ba su hutun karatu na watanni.

Akwai wata Dakta Nazifa a sashensu, ta zo bayansa, 'yar siririya mai tabarau. Ita ta kwashi nata ta sayi tsofaffin littattafai masu kunnuwa a lanƙwashe, ta kulle kanta a ɗaki. Da labarin ya iso wa Dakta, tausayinta ya kama shi.

"Yarinta ke nan," in ji shi, yana tsaye a tsakar gida, Inna Luba da Rekiya da rago suna saurare. "Littafi an yi shi ne domin wanda bai sani ba. Ku dubi tela. Wa zai kai ɗinki wurin telan da wandonsa ya yage? To likitan fata ma haka yake. Fuskarsa ita ce allon shagonsa, ita ce takardar shaidarsa. Gwamnati ta ce a kashe kuɗin nan a kan fata. Ni kuwa ban san wata fata da ta fi kusa da ni kamar tawa ba."

Inna Luba ta ce Allah ya ƙara basira. Rago ya ci gaba da tuƙa.

Aka fara sayayya. Madubi ya fara shigowa, mai tsayin mutum, sai da aka cire ƙyauren ɗaki. Aka ƙaro wani ƙarami domin ganin ƙeya. Aka sayi sabuwar lema, ta da ta koma ta ranakun aiki. Aka sayi wani gilashin duba fata mai 'yar fitila a baki, wanda a makon farko Dakta ya haska mai ruwa da shi, ya haska mai gyaran takalmi, ya haska kunnen rago ya ce akwai abin dubawa. Aka kai wa tela farin yadi ya ɗinka kwat ta likita, aka yi mata aiki a ƙirji da zaren gwal kamar babbar riga, sunansa da kirarinsa duka, har rubutun ya zagaya ya shiga hammata.

Kada a zalunce shi, ya sayi littafi. Guda ɗaya, amma ƙato, sai da aka ɗauko shi a baro daga bakin titi. Yana naɗe cikin leda mai ƙyalli, kuma Dakta ya hana a cire, don littafi irin wannan da an buɗe shi darajarsa ta ragu. Aka ɗora ƙaramin madubi a kansa, tsayin ya yi daidai.

Abin da ya rage na alawus, wanda shi ne mafi yawa, ya tafi kasuwar Wuse. Rekiya ce ta bi shi da jaka. Suka kutsa ta layin masu atamfa, suka wuce masu takalma, har shagon Madam Christina, inda kwalabe da robobin man shafawa suka hau kan juna har rufi, kowanne da hoton wata mace fara sol tana dariya.

"Oga Dakta, sannu da zuwa," in ji Madam Christina, tana share masa kujera da gefen zaninta. "Wannan fuska naka, Allah ya yi shi da kyau. Rana na Abuja ne kawai ya taɓa shi kaɗan. Akwai wani mai ya zo daga waje, matan manya ne suna saya, ban nuna ma kowa ba."

"Madam, ni ba saye na zo yi ba," in ji Dakta. "Bincike na zo yi."

"Haka ne, oga. Bincike guda nawa zan sa maka?"

Ta sa masa na safe da na rana, da sabulun da ke share fage, da wani ruwa a 'yar kwalba wanda ta ce ɗigo kaɗan ake yi, mai ƙarfi ne. Dakta ya ce ɗigo kaɗan na talakawa ne, ta ba shi uku. Da ya nemi rasit ya ce ta rubuta kayan karatu, ta rubuta ba gardama. Ta raka su har bakin layi, ta ƙara wa Rekiya kyautar ɗan kunne, ta ce wannan yayan nata zai yi nisa.

A gida Dakta ya karɓe ƙwaryar furar Inna Luba da ludayinta ya mayar da su kayan bincike. Ya zuba wannan, ya matsa wancan, ya ɗiga ruwan 'yar kwalba da hannu sake, ya dama har ya yi kauri. Ya raɗa wa haɗin suna Manniru Lamba Ɗaya. Safe da yamma yana gaban madubi yana shafawa, yana yi wa kansa bayani da Turanci, yana kuma gyaɗa kai don ya gamsu da bayanin.

Abin sha'awa, a daidai wannan lokacin ne ya ɗaura yaƙi da matan layi masu bilicin. Duk wadda ta shigo gaida Inna sai ta sha wa'azi. Ya ce jahilci ne, raina halitta ne, kuma ƙarshensa nadama. Wata rana bayan wata baƙuwa ta fita da kunya, Rekiya ta dubi ƙwarya, ta dubi robobin da ke jere a kan taga. Ba da wata manufa ba ta yi tambaya, don ita in ba ta gane abu ba sai ta tambaya.

"Yaya Dakta, to nasu da naka mene ne bambancinsu? Na ga robobin iri ɗaya ne."

"Digiri," in ji Dakta. "Su bilicin suke yi. Ni daidaita launi nake yi."

Da fari abin ya karɓe shi. Ya yi haske, ya yi sumul, har Inna Luba ta fara tuno wa mutane cewa a dangin mijinta akwai wani da ya taɓa zama a Sudan. Daga nan fatar ta fara nuna ra'ayinta. Goshi ya yi ja kamar cikin gwanda. Kumatu suka yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar gindin tukunya. Hanci ya tsaya fari shi kaɗai a tsakiya. Gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi ƙirin, ƙuraje suka kafa sansani a haɓa. Wuya kuwa ya ƙi sauya sheƙa, ya tsaya a jam'iyyar adawa da launinsa na haihuwa.

Dakta ya koma Wuse. Madam Christina ta dube shi, ta ɗan ja da baya, sannan ta tafa hannu ta ce aiki ya kama, tsohon datti ne yana fita. Aka haɗa Lamba Biyu domin gyaran Lamba Ɗaya. Aka haɗa Lamba Uku domin lallashin Lamba Biyu. Da yake yana hutun karatu, ba wani abokin aikinsa da ya gan shi balle ya ce masa kanzil. Masu acaɓa na bakin layi ne kawai suka yi nazarinsa, suka sa masa Dakta Taswira. In ya wuce da lemarsa sai su riƙa gardama, wannan ya ce ga Kogin Kwara nan ya gangaro ta kunci, wancan ya ce a'a, Binuwai ne, ga inda suka haɗu a haɓa. Da sunan ya kai kunnen Dakta, ya ce ai gaskiya suka faɗa, sunansa ya game ƙasa.

Rekiya dai hankalinta bai kwanta ba. Rago yana ta ƙiba, jarrabawa tana ta matsowa, littafi yana cikin leda. An yi jarrabawar rubutu, Dakta ya tsallake da ƙyar, da ragowar abin da ya sani tun da, da kuma addu'ar Inna Luba. Saura ta gaban manya, wadda bai taɓa kaiwa gare ta ba a duk zamansa na baya. Rekiya ta same shi a gaban madubi, ta durƙusa.

"Yaya Dakta, ko in cire ledar nan ka ɗan leƙa? Zan mayar da ita yadda take, ba wanda zai gane."

Ya dube ta ta cikin madubi, da irin kallon da ake yi wa wanda ba a yi wa laifin rashin saninsa.

"Rekiya, ranar nan ba sai na buɗe baki ba. Ina shiga, manya za su dube ni su san wanda ya shigo. Fuskata ce za ta amsa tambaya."

A wannan shekarar a wani asibiti dabam cikin Abuja aka shirya jarrabawar, inda ba wanda ya san shi, manyan kuma daga garuruwa masu nisa aka gayyato su. Ga yadda ake yin ta. Ana tara marasa lafiya masu ciwon fata iri-iri a ɗaki guda, a zaunar da kowa a kujerarsa, a manna masa lamba. Sai masu jarrabawa su shigo ɗaya bayan ɗaya, cikin fararen kwat, su duba da ido, su faɗi sunan ciwon a gaban farfesoshi. Mara lafiya ba ya magana ko kaɗan, don kada ya ba da amsa.

Ranar da za a yi, aka wayi gari ba wuta, kwat kuma ta sha sitati ba a goge ba. Dakta ya ce ba zai jira rana ta fito ta taɓa masa aikin watanni ba. Ya zura jallabiya, ya naɗe kansa da fuskarsa da mayafi, ya sa baƙin tabarau, ya ɗauki lema ya fita. Ya bar wa Rekiya umarni ta hura gawayi ta goge kwat, ta biyo shi da ita a rataye, kada ta naɗe.

Ta goge, ta fito, ta shiga bas. Duk wanda ya san hanyar Mararaba zuwa cikin gari da safe ya san sauran. Motoci suka tsaya cik tun kafin Nyanya. Rekiya tana zaune a takure, hannunta a sama riƙe da kwat, zaren gwal yana ƙyalli, fasinjoji suna karanta kirarin suna tambayarta ko sarkin wane gari ne ya rasu.

Abin da ya faru kafin ta iso, daga baya ta ji shi daga bakin Sista Prudence, nas ɗin da aka ɗora wa tara marasa lafiya. Sista tana tsaye a baranda tana jin haushi, don mutum ɗaya cikin waɗanda ta gayyata bai zo ba, kujera ta zauna ba kowa. Sai ga wani a naɗe kamar mai jego, yana tambayar inda manyan farfesoshi suke, wai suna jiransa. Ta ce ya buɗe ta gani. Ya warware mayafi a hankali, yadda ake buɗe allon sabon gini.

Sista Prudence ta dafe ƙirji. "Oga, ina ka shiga tun da? Irinka muke nema. Farfesa zai yi murna sosai."

"Na sani," in ji Dakta.

Ta kama hannunsa ta kai shi kujerar farko, kusa da taga inda haske ya fi kyau. Ta manna masa lamba ɗaya a ƙirji, ta kawo masa shayi. Dakta ya dubi lambar, ya ga an yi adalci. Ya dubi sauran mutanen ɗakin, masu ƙaiƙayi da masu kirci, ya gane cewa an zaunar da shi a gaba ne don a nuna musu inda ake so su kai.

"Abu ɗaya," in ji Sista. "In sun shigo, kada ka ce komai. Fuskarka za ta yi magana."

Dakta ya lumshe ido. A ƙarshe dai ya haɗu da wadda ta fahimci aikin.

Lokacin da Rekiya ta iso, gumi ya jiƙa ta amma kwat ko lanƙwasa babu, an riga an fara. Ta ga likitoci a jere a ƙarshen baranda cikin fararen kaya, ba ta ga nata ba. Ta leƙa wata taga da gilashinta ɗaya ya fita, sai ga shi a kujerar farko, ƙafa ɗaya kan ɗaya, farfesoshi sun yi masa rumfa. Wani gajeren tsoho mai sanƙo, wanda da alama shi ne babbansu, yana juya masa fuska dama da hagu da ɗan yatsa.

"Shekara da shekaru ina wannan aiki," in ji tsohon, "ban taɓa ganin wanda ya cika haka ba. Komai da komai a fuska ɗaya. Ku dubi kumatun nan. Ku dubi iyakar wuya. Malam, muna rubuta littafi domin ɗalibai. Za ka yarda mu sa hotonka? Ɗaga kai kawai ya isa."

Dakta ya ɗaga kai har sau biyu. Aka kira mai hoto. Ya gyara zama, ya ɗan karkata, ya yi murmushin da ya daɗe yana gwadawa a madubi.

A can ƙarshen baranda wani mutum ya fara kiran sunan Dakta Manniru Ɗanlami. Rekiya ta ruga ta ce masa yana nan, yana ciki. Mutumin ya biyo ta ya leƙa tagar, ya dubi wanda take nunawa, ya dube ta.

"Malama, likita nake nema."

Ta nufi ƙofa, Sista Prudence ta tare ta, ta ce 'yan uwan marasa lafiya a waje suke jira. Rekiya ta ce ai likita ne. Sista ta ce kowa a gidansu likita ne. Rekiya ta koma taga, ta ɗaga kwat tana kaɗawa, ta sa baki a gurbin gilashin.

"Yaya Dakta, ana kiran sunanka. Don Allah ka taso."

Ya ɗago mata hannu yadda gwamna ke yi daga cikin mota. "Su jira," ya ce a hankali. "Manya na kaina."

Ba su jira ba. Mutumin ya ƙara kira, ya gaji, ya wuce suna na gaba.

Masu jarrabawa suka yi ta shigowa, kowa ya tsaya a gabansa ya yi magana ƙasa-ƙasa da farfesa, Dakta yana kallon rufi yana jin daɗin yadda ake koyi da shi. Sai ga Dakta Nazifa. Ta zo gaban kujerar farko, ta gyara tabarau, ta sake gyarawa. Ta buɗe baki za ta gaishe shi, tsohon ya ɗaga hannu ya ce ba a magana da mara lafiya. Ita a ranta ta ɗauka yayan nata a aiki sadaukar da kansa ya yi domin ƙannensa, har idonta ya kawo ruwa. Muryarta kuma irin mai fita ce tar.

"Me kike gani?" in ji farfesa.

"Ranka ya daɗe, ɓarnar man bilicin ce. An daɗe ana shafawa, kuma ba iri ɗaya ba, haɗe-haɗe aka yi."

"Me ke kai mutane ga wannan?"

"Yawanci rashin sani ne, ranka ya daɗe."

"Me za ki gaya masa?"

"Ya daina yau. Ya kuma je ya ga likitan fata."

Rekiya ta ga murmushin yana sauka daga fuskar Dakta jiha bayan jiha. Ya dubi lambar ƙirjinsa. Ya dubi maƙwabcinsa mai lamba biyu, wanda ke susar ƙafa da murfin biro. Ya buɗe baki, Sista Prudence ta ɗora yatsa a leɓenta ta ce shiit.

Da ya samu ya fito, ya fizgi kwat daga hannun Rekiya ya zura ya nufi ƙarshen baranda, an riga an rufe kiran suna. Aka gaya masa cikin ladabi cewa an kira shi bai zo ba, doka kuma ba ta san uzuri ba. Ya ce ai tun safe yana ciki, farfesa ma ya yaba masa. Aka ce haka ne, an gode ƙwarai. Sista Prudence ta biyo shi da lemon kwalba da fanke da 'yar ambulan ta kuɗin mota, irin wadda aka ba kowane mara lafiya. Ya dube su tsawon lokaci. Sannan ya karɓa, don alawus ya riga ya ƙare.

A bas ɗin komawa ya yi ta huci har suka fita daga gari. Rekiya tana gefensa tana tunanin Inna Luba da rago, tana neman kalmar da za ta fara da ita. Wajen Nyanya ya daina huci. Kafin su kai Mararaba ya gyara wuyan kwat.

"Kin ga abin da ya faru, ko?" in ji shi. "Kowa ya zo a gwada shi. Ni da ni aka yi gwajin. Duk wanda ya ci jarrabawar nan, a kaina ya ci. Haka za ki gaya wa Inna."

Haka ta gaya mata, kalma da kalma, ba ta ƙara ba ta rage ba. Inna Luba ta tambaya ko hakan na nufin za su tashi. Rekiya ta ce a'a. Inna ta shiga ɗaki ta kwance kayan da ta fara ɗaurewa.

Asibiti ya cika alkawarinsa. Aka ba wani gurbin, Dakta ya koma ɗakin masu zazzaɓi, inda har yau duk wanda ya zo da ciwon ciki sai an juya bayan hannunsa an duba. Dakta Nazifa ta ci, kuma ita ce ta yi masa magani. Ta raba shi da ƙwarya, ta sa shi wanka da sabulu mara ƙamshi. Ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan. Inna Luba ta karɓi ƙwaryarta, ta shinshina, ta jefar.

Da shekara ta zagayo littafin farfesa ya fito. Dakta ya sayi guda biyu, kuma a karon farko a tarihi ya cire wa littafi leda. Ga shi nan a tsakiya, shafi guda cur, da launi. An ja baƙin layi an rufe idanun, yadda ake yi wa kowane mara lafiya don kada a gane shi. A ƙasa an rubuta cewa wani magidanci ne mazaunin bayan gari, wanda ya yi wa kansa haɗin man bilicin ba tare da shawarar likita ba. Duk Mararaba ba wanda bai gane shi ba, saboda murmushin.

Dakta ya ce kuskure ɗaya suka yi, ta hagu suka ɗauke shi alhali damarsa ta fi kyau. Ya sa aka yanka rago, wanda a lokacin ya yi ƙibar da ba ya iya tashi, aka yi walima, aka zagaya da littafin hannu zuwa hannu, shi kuma yana tsaye yana rufe rubutun ƙasan da babban yatsa.

Da baƙi suka watse Rekiya ta ɗauko almakashi da littafi na biyu da kundin kakarta. Ta yanka a hankali, ta bi layi, har da rubutun ƙasan, don ita ba ta yarda a ajiye hoto ba bayani. Ta shafa gam, ta manna a shafin farko, ta danne da tafin hannu. Kakansu yana shafi na biyu yana kallon gefe. Ta sauke nauyin da ke kanta tun ranar da ta zo gidan, ranar da Dakta ya miƙo mata kundin ya ce:

"Rekiya, ki bar mini shafin nan. Duk ranar da kika ga fuskata a littafin likitoci, ki yanko ki manna, domin 'ya'yanmu da jikokinmu su ga abin da karatu ke mayar da mutum."